Bomba a Akwatin Nasiru

Akwai wata ƙarya da tsofaffin unguwarmu suka ɗauka suna yi wa yara, ni kuwa ta kai mini iya wuya. Kullum bayan la'asar, in an fito daga masallaci an zauna shan shayi a nan unguwar Ƙurban, cikin birnin Manzo, sai wani ya hango yaro ya duƙufa a kan waya, ya ja tsaki, ya ce zamani ya lalace, wai a lokacinmu ido bai san irin wannan ƙazanta ba. Sauran su yi ta gyaɗa kai. Ni dai nakan juya kofina kawai, domin na san idon kowa a wurin, na san abin da ya kalla, na san ɗakin da ya kalle shi. Wanda ya fi kowa tsaki shi ne Tanimu, wanda yanzu ba a kiransa sai an sa masa Shehu a gaba, don ya tara gemu ya ɗage riga zuwa ƙauri. Tare muka yi aikin ɗaukar kaya a filin jirgi muna samari, kuma tun wancan zamani ban sake cin abinci kwano ɗaya da shi ba.

Kada a ɗauka son wayar nake yi. Na tsane ta. Jikokina in na yi musu magana da Hausa sai su amsa mini da Larabci, ido na kan gilashi, yatsa na ta shara kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ba sa kallon abu daga farkonsa zuwa ƙarshensa, guntu-guntu ake yanko musu, a ba su inda ake rawa ko inda ake tuɓewa, a zubar da sauran. Abin da ke ba ni haushi da tsofaffin nan shi ne, wannan yankan ba yara suka ƙirƙiro shi ba. Mu muka fara shi, da babban yatsa a kan maɓallin bidiyo, kuma Tanimu ne gwaninmu.

Na tashi a wani lungu da ke cikin tsohon gari, inda gidajen suka jingina da juna, ƙofarmu na kallon ƙofar wasu 'yan Barno. Kakana ne ya taho da ƙafa daga ƙasar Kano, ya biyo ta Sudan, ya zo ya sauke farali ya ƙi komawa. Mahaifina tsire yake yi, Larabawan unguwa na layi a gabansa, suna ci suna lashe yatsu, in sun ba da baya su ce da shi takaruni, sunan rainin da suke kiran baƙar fata irinmu. Aikina da safe shi ne daka ƙuli da yaji a turmin ƙarfe, ina jin ƙarar masu tallar ruwa da jakunansu, da muryar mahaifiyata tana kiran ƙannena ɗaya bayan ɗaya kamar mai kiran awaki. Wannan lungu yau babu shi. Da gari ya faɗaɗa aka tashe mu, aka shimfiɗa farin dutse a wurin, kuma ban ce an zalunce mu ba. Sai dai babu wanda ya taɓa ɗaukar hoton ƙofarmu, domin wa zai ɓata hoto a kan ƙofar mai tsire? In na ce wa jikokina ga inda turmin yake, sai su dubi dutsen su dube ni.

Da na kawo ƙarfi na samu aiki a wani kamfani mai sauke kayan jirgi da lodinsa. Filin na wancan lokaci ƙarami ne, ba wannan mai ƙyalli da ake yawo a cikinsa kamar kasuwa ba. Har yau in na rufe ido ina jin kukan injin jirgi yana huda kunne, da ƙarar bel ɗin da ke jan kaya yana kukan rashin mai, da ihun alhazai a kan jakunkunan da aka ɗaure da igiya kamar za su gudu. Kwalayen dabino, jarkokin zamzam masu yoyo, butoci, barguna, duk ta bayanmu suke bi. Shugaban ayarinmu wani dattijo ne, Baba Sale, mutumin Damagaram, wanda bai taɓa barin kowa ya sunkuya ya ɗauki kaya ba. Yakan ce mu durƙusa da gwiwa, don kamfani na sayen sabuwar taya amma ba ya sayen sabon baya. Yanzu na ga yaran da ke aikin suna danna na'ura tana ɗaga musu, amma sun fi mu kukan gajiya.

Masu gyaran bel da motocin jan kaya 'yan Filifin ne. Yawancinsu Kiristoci, don haka masaukinsu na can wajen iyakar harami, wasu dogayen ɗakuna na kwano da na'urar sanyaya ɗaki mai ƙugi, ko'ina warin busasshen kifi da shinkafa. A cikinsu akwai wani siriri mai suna Nestor, bakinmu ya kasa, muka mai da shi Nasiru, shi kuma ya karɓa. Ya girme mu kaɗan. Da guntun Larabcin wurin aiki da guntun Turanci muke magana, sai kuma Hausar da muka koya masa, wadda rabinta gaisuwa ce rabinta zagi. In bel ya tsaya ana tsakiyar lodi, Baba Sale ba ya kiran kowa sai shi. Ya zo da sifanarsa yana cewa sannu da aiki, ɗan banza, ga duk wanda ya tarar, har da Baba Sale, tsohon ya yi ta dariya.

In alhazai suka watse, jirage sukan ragu, rana ta yi tsawo. A irin wannan lokaci ne, tsakanin azahar da la'asar, muke sulalewa masaukinsu mu sha sanyi, domin suna da bidiyo. Kaset-kaset na shigo musu a cikin kaya, an rubuta musu bikin aure ko wasan ƙwallo a jiki. Yawanci na faɗa ne da na barkwanci. Amma akwai wani guda na Nasiru da ba ya barinsa a ɗaki, a akwatinsa na ƙarfe na wurin aiki yake kulle shi, sai an yi ta roƙo yake kawowa. Irin wannan fim a ƙasarsu bomba suke ce masa. Ranar da muka fara jin kalmar mun zabura, domin a kunnen Bahaushe da na Balarabe duka, abin fashewa take nufi. Suka yi mana dariya, suka ce a wurinsu fim ne da mace ke tuɓewa a ciki. Daga ranar kowa a ayarinmu ya san ma'anarta, kuma Tanimu ya fi kowa saninta, don shi ke tambaya kullum ko yau akwai bomba.

Labarin fim ɗin na wata yarinya ce da ta baro ƙauye ta zo babban birni neman aiki, ta sauka a wata unguwar talakawa da aka gina da katako da tsohon kwano a bakin ruwa. Mai gidan haya ya matsa mata, ɗan sanda ya matsa mata, mai mashaya ya ba ta aiki da sharaɗi. Wannan duk daga baya na haɗa shi, domin Tanimu ba ya bari a kalla. Shi ke tsugunne a gaban na'urar, yatsa a kan maɓalli, da an fara magana sai ya tura gaba, mutane su yi ta gudu a allo kamar kiyashi, har a iso inda yake so. In an wuce ya dawo da shi baya. Wurin har ya soma yin dishi-dishi saboda yawan murza. Nasiru na zaune a bakin gado, ba ya kallon allo, fuskar nan a murtuke, mu kuwa muna zaton kunya ce ta mai kaya.

Wata rana Tanimu bai zo ba, sauran suka yi barci, ya rage ni da shi. Ya sa kaset ɗin, ya tura shi da kansa, ya wuce duk wuraren nan bai ko tsaya ba, ya saki maɓalli a wani wuri da babu komai. Yarinyar ce kawai ke tafe cikin lungu da gwangwanayen ruwa biyu. A bayanta, gefen wani famfo, wata mata ta tsugunna tana wanki a baho. Ta ɗago kai, ta ga ana ɗauka, ta sa bayan hannu ta rufe baki tana dariya, yarinyar ta wuce, hoto ya bi ta. Ko ƙiftawa uku ba a yi ba. Ya tsayar, ya dawo, ya ɗora yatsa a kan gilashin.

"Ummi," in ji shi. "Wannan ƙofa, gidanmu."

Ya ce matar mahaifiyarsa ce, ta rasu yana nan ƙasar yana gyaran bel, bai ga gawarta ba. Unguwar kuma an rushe ta da katafila, an kwashe mutanen an zubar a bayan gari. Ba su da hoto ko ɗaya, wanda suke da shi ruwa ya ci. Wani abokinsa ne ya gane ta a fim ɗin ya nemo masa kaset, kuma bai san inda zai sami wani ba. Ya bayyana mini cewa a zamanin da aka yi fim ɗin, masu mulkin ƙasarsu ba sa yarda a rubuta yunwa a jarida. In manyan baƙi za su zo, sai a kafa katangar katako a gaban irin unguwarsu a shafe ta da farin fenti, don kada a gani daga mota. Amma fim ɗin tsiraici ana ɗaga masa ƙafa, tunda yana shagaltar da mutane. To sai wasu masu shirya fim suka gane hanya: su sa mace a gaba, masu tace fina-finai su zuba mata ido suna gardamar inda za a yanke, unguwar da kwatarta da 'yan sandanta su wuce a bayanta ba a lura ba.

Ban saya masa duka ba, kuma har yau ban saya ba. Na ce masa wannan wayon ƙazami ne. Yarinyar da aka tuɓe ai ita ma 'yar talakawa ce, in don a nuna ana cin talaka ne, to ga shi an ci wata a gaban kowa, kuma mai fim ya kwana da ƙoshi. Na ce in da gaske unguwar ce damuwarsu, me ya sa mu da muka kalla sau da yawa ba mu taɓa ganinta ba? Bai yi musu ba. Ya ce shi ma ya tsani mutumin, sun zo sun yi kwanaki suna taka musu shanya, ko ruwan sha ba su saya wa kowa ba. Sai ya kawo zagin da muka koya masa, ya ce mai fim ɗin ɗan banza ne, amma duk duniya ɗan banzan nan kaɗai ya taɓa juya kyamara wajen uwarsa. Na tuna ƙofarmu. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, kuma daga ranar ban ƙara roƙon a kawo kaset ɗin ba.

Tanimu kuwa roƙonsa ƙaruwa ya yi. Yana da abokai a unguwar Aƙiƙ da yake so ya burge, 'ya'yan masu hali da ke barinsa ya zauna a gefen shimfiɗarsu, ya yi musu alkawarin zai kawo musu abin da ba su taɓa gani ba. Ya nemi aro, Nasiru ya hana. Ya ce zaren ya yi laushi, in aka ƙara murza wurin nan zai tsinke. Har dalilin ya gaya masa, a gabana, ya ce uwarsa na ciki. Tanimu ya yi wata dariya da ba zan maimaita abin da ya biyo bayanta ba. Abin da ya ƙona masa rai ba kaset ɗin ba ne. Mutum ne da tun yana yaro ake ce masa takaruni, ake tura shi ƙarshen layi, sai ga shi ya samu katin ɗan ƙasa a aljihu da wani wanda yake ganin bai kai shi ba, kuma wannan ɗin ya dube shi ya ce a'a. Ya yi kwanaki yana cewa baƙon da aka kawo da takardar aiki ne zai hana ɗan gari abu.

Ranar da abin ya faru muna wurin mai shayi da hantsi, kusa da ƙofar ma'aikata. Wani mai gadi sabon zuwa na tsaye riƙe da nasa kofin. Na ga Tanimu ya dube shi, ya dube mu, sannan ya bar Hausar da muke yi ya koma Larabci, ya ɗaga murya, ya ce shi dai ba ruwansa, amma Bafilifinen nan mai gyaran bel yana da bomba a akwatinsa, da bakinsa ya faɗa. Daga baya ya yi ta rantsuwa cewa suɓutar baki ce, wai sunan abin kawai ya kira, ya manta yadda zai faɗa a kunnen wanda bai sani ba. Ya je ya gaya wa wanda bai ga idonsa ba. Mutumin da ke suɓutar baki ba ya canza harshe tukuna.

Mai gadin ya saki kofi. Kafin mu ankara usur ya ɗauka ko'ina, aka kore mu baya, aka tsayar da lodin wani jirgi. Na hango Nasiru an fito da shi daga ƙarƙashin bel, an kwantar da shi rub da ciki a kan kwalta mai zafi, hannunsa duk baƙin mai, yana ta waige bai san laifinsa ba. Aka ɓalle akwatin daga nesa da dogon ƙarfe. Rigar aiki ce a ciki, da kwanon abinci, da kaset a naɗe cikin tawul.

Aka kira ni ofis don an san muna fahimtar juna. Jami'in da ke tambaya ba mugu ba ne, mutum ne da aka tsorata, gumi na bin wuyansa. Ya ce ina bomba ɗin? Nasiru ya dube ni. Ni da shi mun gane ramin da aka haƙa masa. In ya yi shiru, mai shirin fasa jirgi ne. In ya yi bayani, mai shigo da fim ɗin batsa ne, a wannan gari, a bakin ƙofar da baƙin Manzo ke shigowa. Ya nuna kaset ɗin da haɓa. Na fassara ma'anar kalmar, jami'in bai yarda ba sai ya gani, aka turo na'urar bidiyo a kan teburi mai taya. Shi ma tura gaba ya yi, yana neman hujja. Ina kallo lungun ya zo a guje, famfon ya zo, matar ta ɗago ta sunkuya kamar an fizge ta, ta wuce. Nasiru ya ɗaga hannuwansa da ankwa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a dawo baya kaɗan. Mahaifiyarsa ce a wurin, don ita yake ajiye da shi."

Daidai lokacin hoton ya iso wurin da Tanimu ke so, wurin da ya yi dishi-dishi. Jami'in ya kawar da kai yana neman tsari, ya kashe, ya tambaye ni ko wannan ce uwar tasa. Wani a bakin ƙofa ya tuntsire da dariya. Na yi ta bayani, Baba Sale ya shigo ya cire hularsa yana roƙo, ya ce a yanke inda ke da ƙazanta a ƙone, a bar wa yaro ɗan guntun. Jami'in ya ce doka ba ta san guntu ba, kuma mu gode Allah da abin ya tsaya nan. A gabanmu aka fasa kaset ɗin, aka zaro zaren ya taru a ƙasa kamar hanjin kaza, aka sa almakashi. Nasiru bai yi kuka ba, yana ta bin tarin da ido, ina jin yana neman inda wurin yake. Aka buga masa fita ba dawowa.

Ayarinmu ne ke aiki ranar da aka tafi da shi. Tanimu ya aiko wai zazzaɓi yake yi. Baba Sale da kansa ya ɗauki jakar Nasiru ya sa a cikin jirgi, bai bar kowa ya taɓa ba, sannan ya roƙi ɗan rakiyar da hukuma ta haɗa Nasiru da shi ya ba mu ɗan lokaci a gindin matakala. Na zo da maganganu da yawa a bakina, na zagin Tanimu da na ban haƙuri, amma bai ba ni dama ba. Ya kama hannun rigata, ya ce ni kaɗai na tsaya na gan ta, in gaya masa abin da na gani. Na ce na ga mata a gefen famfo, ta ɗaure gashinta a ƙeya, ta rufe baki da bayan hannu tana dariya, kumfa na bin gwiwar hannunta. Yana gyaɗa kai, yana cewa haka ne, haka ne. Na ce tana wanki a wani shuɗin baho.

"Ja ne," in ji shi.

Na ce to, ja ne, shi ya fi ni sani. Ya saki rigata ya taka matakala ɗaya, sai ya tsaya. Ya juyo, fuskarsa ta canza, ya dube ni kamar ni ne zan cece shi.

"Ko shuɗi ne?"

Ɗan rakiyar ya taɓa kafaɗarsa. Na buɗe baki, amma ni ma a lokacin ban tabbata ba, kuma babu sauran inda ɗayanmu zai je ya duba.